Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin manyan ƙasar nan, tun ana yin ta a ɗaka har ta kai ana faɗar ta a gaban lasifika. Maganar kuwa ita ce, wai mu 'yan Nijeriya ba mu da dalilin wahalar da kanmu wajen bincike da ƙirƙira, tun da Turawa da mutanen Asiya sun riga sun ƙera duk abin da ɗan Adam yake bukata, namu kawai mu nemo kuɗi mu sayo. Kwanakin baya na sake jin ta a wajen wata lacca, daga bakin wani babban ma'aikacin gwamnati da aka gayyato ya yi jawabi a kan ci gaba mai ɗorewa. Ya ce ƙasa matalauciya ba ta da lokacin da za ta ɓata a ɗakin gwaje-gwaje, abin da talaka yake so shi ne ya ga hanya da asibiti da famfo. Zauren ya kaure da tafi. Ni kam ban tafa ba, kuma dalilin ƙin tafawar shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun a 1987 wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yayata wannan kalma ta ci gaba mai ɗorewa, wato a biya bukatun mutanen yau ba tare da an toshe wa na gobe hanyar biyan nasu ba. A 2015 kuma ƙasashen duniya, har da tamu, suka amince da muradu 17 da ake fatan cimmawa kafin ƙarshen 2030. Sai dai Bahaushe bai jira Majalisar Ɗinkin Duniya ba kafin ya san ma'anar ɗorewa. Gidan da yake da rijiya da gidan da yake sayen ruwa wajen ɗan ga-ruwa duk suna shan ruwa, har ma wataƙila randar mai saye ta fi cika. Bambancinsu ba ya fitowa sai ranar da ɗan ga-ruwa bai zo ba, ko ranar da aljihun maigida ya bushe. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, ilimi da iya ƙirƙira su ne rijiyar ƙasa, kuma mu da hannunmu muka cike tamu, muka koma bakin titi da bokiti.

Abin da Muka Rufe a Yaba

Mu fara da abin da yake kusa da mu nan Kudu. Ɗalibai da yawa suna ratsa Yaba a cikin Legas, amma kaɗan ne suka san matsayin unguwar a tarihin kimiyyar lafiya. A nan ne masu binciken cutar shawara na Gidauniyar Rockefeller suka kafa sansaninsu a 1925, kuma aikin da suka yi a Afirka ta Yamma shi ne ya samar da ƙwayar cutar da aka sarrafa daga baya ta zama allurar rigakafin shawara da duniya take amfani da ita har yau. Daga wajen 1940 zuwa 1991, ɗakin haɗa allurar rigakafi na gwamnati da ke Yaba ya yi ta samar da allurar agana da ta shawara da ta cizon mahaukacin kare. Ƙasar nan ta yi amfani da su, har aka riƙa aika wa wasu ƙasashen Afirka. Masu wannan aiki kuwa, musamman bayan samun 'yancin kai, 'ya'yan ƙasar nan ne.

A 1991 aka rufe wurin, aka ce za a yi masa kwaskwarima ya dace da zamani. Yaron da aka haifa a wannan shekara yau ya wuce talatin, ya yi aure, ya kai 'ya'yansa an yi musu allura, kuma babu ɗigo ɗaya a cikinta da aka haɗa a Yaba. A 2005 an ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin magunguna domin a farfaɗo da aikin, a 2017 aka sake kakkaɓe yarjejeniyar, amma har annobar korona ta riske mu a 2020 babu abin da ya fito.

Wani zai ce ai gini ne da injuna, duk ranar da aka samu kuɗi sai a sake sayowa. A nan kuskuren yake. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya san cewa ramin da baban da tokar ba su ne rini ba. Rini yana ga marinin da zai dubi kumfar da ta taso, ya shaƙi warin ramin, ya ce yau ya nuna ko sai jibi. Haka haɗa allurar rigakafi yake. Allurar shawara, alal misali, a cikin ƙwan kaji ake rainon ƙwayar cutar da aka raunana, sannan a tace, a busar, a gwada ƙarfinta da tsabtarta mataki bayan mataki. Rabin wannan sani yana cikin littafi, rabi yana hannun ma'aikacin da ya shekara ashirin yana yi. Da aka rufe Yaba, waɗannan hannuwa sun watse: wasu sun yi ritaya, wasu sun bar ƙasar, wasu sun riga mu gidan gaskiya ba tare da sun koya wa kowa ba. Inji kam ana iya sayowa cikin wata shida, amma wa zai sayar mana da shekara hamsin na gogewa?

Don kada a ce abin ya fi ƙarfin baƙar fata, a dubi Senegal. Cibiyar Pasteur ta Dakar ta fara haɗa allurar shawara tun cikin shekarun 1930, ba ta rufe ba, kuma tana cikin 'yan tsirarun wuraren da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince su samar wa duniya wannan allura. A dubi Indiya. Kamfanin Serum na birnin Pune, wanda ya fi kowa yawan allurar rigakafin da yake fitarwa a duniya, a 1966 aka kafa shi, lokacin da Yaba ta riga ta haura shekara ashirin tana aiki. A ƙarshe mu dubi kanmu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924 saboda annobar bushiya, har yanzu tana haɗa allurar rigakafin dabbobi. Wato dai saniya da kaza suna da gidan da ake haɗa musu rigakafi a ƙasar nan, jariri ba shi da shi.

Ranar da Ɗan Ga-Ruwa Bai Zo Ba

Shekara biyar kacal bayan rufe Yaba, a 1996, annobar sanƙarau ta auka wa Arewa. Sama da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. Ban ce da Yaba tana aiki da an tsira ba, domin ba ta haɗa allurar sanƙarau. Abin da nake cewa shi ne, ƙasar da take da masana'antar rigakafi da ƙwararrun masu sa ido a kan magani tana da bakin magana a ranar tsanani. Mu a ranar ba mu da shi. A cikin wannan ruɗani ne kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, aka samu rasuwar goma sha ɗaya daga cikin yaran da aka sa a gwajin, aka shafe shekaru ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75.

Wannan tabo bai goge daga zukatan mutane ba. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa an gurɓata ɗigon rigakafin shan inna da abin hana haihuwa, wasu jihohin Arewa suka dakatar da shi, Kano ta kai kusan shekara guda. Jita-jitar ba ta da tushe, amma wa zai ƙaryata ta a yarda? Magani na waje, mai ba da kuɗi na waje, mai tabbatar da ingancinsa na waje. Sai da aka kawo ɗigon da aka haɗa a Indunusiya sannan Kano ta koma yi a tsakiyar 2004. Kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa sun shanye, kuma sai a 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. A lura da darasin da kyau: mutanenmu sun natsu ne da suka ji maganin ya fito daga hannun waɗanda suka yarda da su. Ashe amana ma tana cikin abubuwan da masana'antar gida take haifarwa, kuma ba a loda ta a jirgin ruwa.

Da korona ta zo, sai muka ga ƙarshen lamarin. Ƙasashe masu arziki suka saye allurar tun kafin a gama haɗa ta. Kashin farko da ya iso Abuja ranar 2 ga Maris, 2021, bai cika allura miliyan huɗu ba, ga ƙasa mai mutane sama da miliyan 200, kuma daga Pune ya fito. Bayan 'yan makonni annobar ta tsananta a Indiya, gwamnatinta ta tsayar da fitar da allurar domin ta ceci nata mutanen. Wa zai ga laifinta? Daga baya aka riƙa aiko mana da sadakar allurar da wa'adinta ya kusa cika, har a watan Disamba na 2021 aka fasa fiye da miliyan ɗaya a juji a Abuja saboda sun lalace kafin a yi amfani da su. A lokacin, kusan kashi 99 cikin ɗari na allurar rigakafin da Afirka take amfani da ita daga waje take zuwa. Ga shi kuma a 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, ta janye tallafi mai yawa daga harkar lafiya a ƙasashe irin tamu. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu sau uku tafiya tana kama mu ba gora, kuma har yanzu ana tafa wa mai cewa a bar fafewa.

Hujjojin Masu Cewa a Sayo

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin ba duka maganarsu ce banza ba. Hujjarsu ta farko ita ce araha. Suna cewa Indiya tana haɗa allura da yawan da babu mai iya gasa da ita. Gaskiya ne. Allurar sanƙarau ta MenAfriVac da aka fara amfani da ita a 2010, wadda ta kusa kawar da nau'in cutar da ya yi mana ɓarna a 1996, ƙasa da rabin dala aka sayar da kowace. Babu mai hankalin da zai ce a ƙi ta. Ni ma ban ce mu haɗa komai da kanmu ba, domin ko Amurka tana saye. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin mai saye da ya san kaya da mai saye da bai sani ba. Na farko yana taya ciniki, yana gane jabu, yana iya cewa a sauya masa abu ya dace da zafin ƙasarsa, kuma in an hana shi yana da dabarar da zai koma wa. Na biyu sai abin da aka miƙa masa, a farashin da aka yanka masa. Lissafin araha da ba ya ƙirga asarar ranar da aka hana ka, lissafin dokin rano ne.

Hujja ta biyu ita ce, ai idan muka sayo masana'anta sukutum, fasahar za ta biyo baya. Ajaokuta ta isa amsa. A 1979 aka ba wani kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangilar gina katafaren kamfanin ƙarfe a gaɓar Kwara. An kashe biliyoyin daloli, an ce aiki ya kusa kammala tun farkon shekarun 1990, amma babbar tanderun da za ta narkar da tama ba a taɓa hura ta ba. Koriya ta Kudu kuwa ta kafa kamfanin ƙarfe na POSCO a 1968, ba ta da tama ba ta da gawayin da ya dace, kuma masu ba da lamuni na duniya sun ce ba za ta iya ba. Ita ma sayowa ta yi, daga Japan, da kuɗi da injuna da zane. A 1973 ƙarfe ya fara kwarara. Bambancin shi ne, Koriya ta sayo ne domin ta koya. Ta tura injiniyoyinta suka zauna gindin injin har suka haddace shi, kowane sabon zango na faɗaɗa kamfanin hannun baƙi yana raguwa a cikinsa, kuma a 1986 kamfanin ya kafa jami'ar kimiyya tasa a Pohang. Mu kuwa mun sayo ne domin a yi kwangila, ita kuma kwangila ana cin ribarta tun ranar sa hannu, ko inji ya juya ko kada ya juya.

Hujja ta uku ita ce ta wancan babban ma'aikaci, wai talauci ne ya hana mu, sai mun yi arziki tukun mu yi bincike. An juya maganar ne a baibai. Koriya ta kafa babbar cibiyarta ta kimiyya da fasaha a 1966, tana cikin talauci, shekara goma sha uku bayan yaƙin da ya ragargaza ta. Brazil ta kafa hukumar binciken noma ta Embrapa a 1973 tana sayen abinci daga waje, kuma masananta ne suka gano yadda za a gyara ƙasar jejin Cerrado mai tsami, suka fitar da irin waken suya da ya dace da zafi, har ƙasar ta zama cikin manyan masu ciyar da duniya. Mu fa? A nan Legas, cikin watan Afrilu na 1980, shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka yi alkawarin ware kashi ɗaya cikin ɗari na dukiyar da ƙasa take samarwa a shekara domin kimiyya da fasaha. Fiye da shekara arba'in ke nan, mai masaukin baƙi ba ta kai ko rabin wannan ba, alhali Koriya tana kashe sama da kashi huɗu. A cikin waɗannan shekaru mun ga kuɗin mai iri-iri, mun ga Hangen 2010, mun ga na 2020. Duk wanda ya ce rashin kuɗi ne, to ya gaya mana inda na Ajaokuta suka fito.

Ƙwaƙwalwa Tana Nan

Abin da ya fi ciwo shi ne, duk inda aka ba masaninmu ɗan sarari sai ya nuna. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗi daga hannun wani mai maganin gargajiya na ƙasar Oyo, ta tace shi, ta gwada shi, ta fitar da maganin Niprisan mai rage tashin ciwon amosanin jini. Cikin abin da aka haɗa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da kowace tsohuwa a gidajenmu ta sani. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo, ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da shi duk shekara. An ba wani kamfani mai tushe a Amurka lasisi, aka ƙaddamar da maganin a 2006, kafin shekara uku kamfanin ya durƙushe, magani ya ɓace daga kanti shekara da shekaru. Masu bincike sun sauke nauyinsu. Abin da ya karye shi ne gadar da take tsakanin ɗakin gwaji da kasuwa, wato jari mai haƙuri, da masana'anta, da gwamnatin da za ta ce ni zan saya.

A Samaru ta Zariya, cibiyar binciken aikin gona da tushenta ya faro tun 1922 ta fitar da ire-iren gyaɗa masu jure kuturun gyaɗa, cutar da ta yi wa noman gyaɗa mummunar illa a 1975. A ƙarshen 2019 kuma ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T mai kare kansa daga tsutsar da take huda kwanso, wanda ya rage feshin magani daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. Ƙwayar halittar da aka dasa masa daga waje ta zo, kuma akwai masu adawa da irin wannan dashe, suna da 'yancin yin muhawara. Amma a lura, muhawarar ta yiwu ne saboda muna da masanan da suka yi aikin da hannunsu a gonakinmu, waɗanda za a iya kira a titsiye su da tambaya cikin harshen da manomi yake ji. A garin Ede na jihar Osun, ɗakin binciken da Farfesa Christian Happi yake jagoranta ne ya fara warware tsarin halittar ƙwayar korona a nahiyar Afirka, cikin watan Maris na 2020, kwanaki kaɗan bayan an samu mai ɗauke da ita na farko a Legas.

Kada kuma a ɗauka ƙirƙira sai mai farar riga. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya samar wa matan karkara abin adana tumatir da alayyafo ba tare da lantarki ba, har ya ci lambar yabo ta Rolex a 2000. A ƙasar Maraɗi da Damagaram, daga shekarun 1980, manoma suka daina tumɓuke kututturan da suke tsirowa a gona, suka koma sassabe su suna barin reshe mai ƙarfi ya girma. Da wannan dabara aka mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan biyar, gawo ya dawo yana takin gona, abin da shirye-shiryen dashen itace masu cin miliyoyi suka kasa. Wannan shi ne ci gaba mai ɗorewa na haƙiƙa, kuma ya ɗore ne saboda sanin yana kan manomi, babu baƙon da zai naɗe shi ya tafi da shi ranar da kwangila ta ƙare.

Namu Laifin

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da sauƙi mu 'yan jami'a mu ɗora wa gwamnati komai, kuma lallai kasonta ya fi yawa. Jami'ar da aka rufe wata tara a 2020, aka sake rufe ta wata takwas a 2022, ba za ta riƙe gwajin da yake bukatar a duba shi kowace safiya ba. Ɗakin gwajin da babu wuta babu ruwa sunansa ɗakin ajiya. Likitoci da injiniyoyin da talaka ya biya kuɗin karatunsu suna ta tururuwa zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya, mun zama masu kiwo wasu na tatsa.

Amma tun 1993 aka kafa asusun harajin ilimi, wanda gwagwarmayar malaman jami'a ce ta haife shi, ya zama TETFund a 2011. Gine-gine sun tashi a harabobinmu. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, nawa ne daga cikin kundayen digirin da muke jibgewa duk shekara suka amsa wata tambaya da manomi ko maƙeri ko ungozoma ta yi? Sau da yawa muna rubutu ne domin ƙarin girma, mu buga a mujallar da mutanen da matsalar ta shafa ba za su taɓa gani ba, mu ƙirga maki, ƙura ta ci sauran. Makanikan Ladipo da masu haɗa injin niƙa a Panteka ta Kaduna da masu takalma a Aba suna ƙirƙira kullum da ɗan abin da suka samu, amma yaushe rabon da wani sashen injiniya ya gayyace su a matsayin abokan aiki?

Mu kuma na sashen Hausa, kada mu ce wannan magana ta mutanen kimiyya ce. Ilimin da ba ya jin harshen jama'a baƙo ne, kuma baƙo raɓa ne. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. A 2022 gwamnati ta amince a koyar da harshen uwa a duk shekarun firamare, a ƙarshen 2025 aka soke tsarin tun kafin a tanadi littattafai da malaman da za su gwada shi yadda ya kamata. Muna iya yin fushi, amma sai mun tambayi kanmu: ina littafin kimiyyar firamare da muka rubuta da Hausa mai daɗin karatu? Ina bayanin yadda rigakafi yake aiki a jiki, wanda liman zai karanta ya gamsu, uwa ta ji a rediyo ta fahimta? Da akwai irin wannan a hannun jama'a kafin 2003, da jita-jita ba ta samu wurin zama da sauƙi haka ba. Mun yi nazarin karin magana da waƙa da tatsuniya, kuma sun cancanta. Lokaci ya yi da za mu tsallaka titi zuwa tsangayar kimiyya da ta likitanci da ta noma, mu zauna da su mu ƙirƙiri kalmomi, mu fassara, mu rubuta.

Abin da Ya Rage

Ban ce babu motsi ba. A 2021 Tarayyar Afirka ta ɗauri niyyar haɗa kashi 60 cikin ɗari na allurar rigakafin da nahiyar take bukata kafin 2040. A 2022 hukumar NAFDAC ta kai matakin ƙwarewa na uku a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda tsani ne da ba makawa ga ƙasar da take son a yarda da magungunanta. Sai dai mun saba jin niyya, tun ta 1980 muna jira. Abin da zai raba wannan da waccan abu uku ne. A ware kason bincike da doka, yadda sauyin minista ba zai taɓa shi ba. Gwamnati, wadda ita ce babbar mai saye a ƙasar nan, ta yi alkawarin sayen abin da aka haɗa a gida na tsawon shekaru matuƙar ya cika sharuɗɗan inganci, ko da ya ɗan fi tsada da farko. Sannan duk wata babbar kwangila da za a ba baƙo, a rubuta a ciki mutum nawa zai koyar da ranar da zai miƙa musu ragama.

Ga 'yan uwana ɗalibai kuma, a cikinku akwai waɗanda gobe za su zauna a kujerar wancan babban ma'aikaci, a kawo musu takarda biyu, ɗaya ta sayo kaya daga waje mai kawo kaso nan take, ɗaya ta ɗakin gwaji da ba za a ga amfaninsa ba sai bayan sun bar ofis. Ranar nan ku tuna da Yaba, ku tuna da yaran Kano na 1996, ku tuna da kwalaben da aka fasa a jujin Abuja. Allah ya ba mu shugabanni masu haƙa rijiya, ya sa mu ma mu kama igiyar guga, amin.